Kafin Ka Miƙa Kuɗin Mota, Sunkuya Ka Karanta Lambar Shasinta



Na sha tsayawa a wuraren sayar da motoci ina kallon yadda matashi ke duba motar da yake shirin zuba gumin shekara da shekaru a kanta. Zai zagaya ta sau biyu, ya shafa fenti, ya harbi taya da ƙafa, ya shiga ya kunna na'urar sanyi, ya ƙure kiɗa don ya ji ƙarfin lasifika, sannan ya taka totur inji ya yi gurnani. Dillali na gefe yana zuba: "Yallaɓai, wata tsohuwa ce ta hau ta a Amurka, daga gida sai kanti. Wannan ko mai ba ta sha." Idan matashin ya yi ƙoƙari, ya zo da bakanike ya saurari inji ya leƙa ƙarƙashi. Amma da wuya ka ga wanda ya sunkuya a kusurwar gilashin gaba, ɓangaren direba, ya karanta 'yan haruffan nan da ke kwance a kan wani siririn ƙarfe, alhali a nan ne motar ke faɗin asalinta da bakinta.

Ana sake fenti. Ana sake fitilu da bamba da kujeru, har inji da giya. Lambar da ke manne gaba da baya, wadda muke kira lambar mota, hukuma ce ta bayar, gobe ana iya kwance ta a ɗaura wata. Abin da aka haifi mota da shi, wanda zai bi ta har ranar da za a yanyanka ta a Panteka ko Ƙofar Ruwa, shi ne lambar shasi. Kanikawanmu na Najeriya kan ce casis, 'yan'uwanmu na Nijar su ce shasi, a takardun Turanci kuma za ku ga an rubuta VIN. Duk abu ɗaya ne.

Ba a littafi na fara sanin darajarta ba. Motata ta farko a hannun mutumin kirki na saye ta, dattijo, abokin mahaifina. Ya miƙo mini takardu a cikin leda, na karɓa da hannu biyu, ban ko buɗe ba, domin a ganina buɗewa a gabansa rashin ɗa'a ne. Na yi shekara biyu ina hawanta lafiya lau. Ranar da za mu kai amarya wani gari, mahaifiyata na kujerar gaba, ƙannenta biyu na baya, aka tsayar da mu a wani shingen bincike. Jami'in ya karɓi takardu, ya sa na buɗe bonet, ya goge ƙura da yatsa, ya dubi ƙarfe, ya dubi takarda, ya sake duban ƙarfe. Sai ya ce mu sauka. A jikin mota an buga harafin S, a takarda an rubuta 5. Gurbi ɗaya tak. Tsofaffin nan uku suka yi zaman rana a gefen titi har na samo musu motar haya, motar kuma ta yi mako uku a tsare ina zarya daga wannan ofis zuwa wancan. Daga ƙarshe aka gano kuskuren alƙalami ne tun ranar da aka fara yi mata rajista. Dattijon bai cuce ni ba. Shi ma bai taɓa dubawa ba, haka wanda ya sayar masa. Har yau idan na tuna mahaifiyata tana kare fuska da mayafi a cikin ƙurar nan, raina yana ɓaci, domin minti biyar ranar ciniki sun isa su kare ta daga wannan wulaƙanci.

Masu ƙera motoci a Amurka sun fara buga irin wannan lamba tun 1954, sai dai kowane kamfani da nasa salon, wani gajere wani dogo. A 1981 ne hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar ta wajabta tsari guda: gurbi 17, haruffa da alƙaluma a cakuɗe. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ita ma tana da ƙa'ida mai wannan tsawon, shi ya sa motar Jamus da ta Koriya da ta Japan da aka ƙera don fitarwa waje duk za ku same su da gurbi 17. Saboda haka aikinku na farko ƙirge ne. Ɗora yatsa ka ƙirga. Na biyu, ku sani babu harafin I da O da Q a cikinta ko kaɗan, an cire su don kada a rikita su da 1 da 0. Duk takardar da ka ga ɗaya daga cikin haruffan nan uku a lambar shasinta, wanda ya rubuta ta ko dai ya yi kuskure ko bai san abin da yake ƙirƙira ba.

Wurin da ya fi sauƙin gani shi ne wanda na ambata, ƙasan gilashin gaba ta hannun direba, kana tsaye a waje kake karantawa. Buɗe ƙofar direba kuma, a jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa akwai takarda a manne, ɗauke da lambar, da wata da shekarar da aka ƙera motar. Na uku, wanda ya fi wuyar taɓawa, shi ne wanda aka buga a jikin ƙarfen motar kansa. A wasu motoci yana bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja, a wasu yana ƙasan kujerar gaba, sai ka ɗaga wani ɗan murfi a cikin kafet, a manyan motoci masu kwarangwal irin su Hilux kuma yana jikin dogon ƙarfen ƙasa kusa da taya. Ka tafi da tocila da tsumma. Kada ka ce wa kowa ya karanto maka, kada kuma ka kwafa daga takarda. Daga ƙarfe ake kwafa, a kai wa takarda, gurbi bayan gurbi, da babbar murya idan da hali, ɗaya na karantawa ɗaya na bi da yatsa. Inda ido ke yaudara sananne ne: S da 5, B da 8, Z da 2, G da 6.

To me haruffan ke cewa?

Gurbi uku na farko suna faɗin ƙasa da kamfani. Lambar da ta fara da J daga Japan take, K Koriya, L Sin, W Jamus. Wadda ta fara da 1 ko 4 ko 5 ƙirar Amurka ce, 2 Kanada, 3 Meziko. Idan ka haɗa ukun sai hoto ya fito. JT Toyota ce da aka ƙera a Japan, JHM Honda ce ta Japan, 1HG Honda ce ta Amurka, 4T1 Toyota ce ta Amurka, 2T1 Toyota ce ta Kanada. VF3 Peugeot, WVW Volkswagen, WBA BMW, WDB Marsandi, KMH Hyundai, KNA Kia. Hilux da ta fara da AHT daga Afirka ta Kudu take, mai MR0 kuma daga Tailan. Ba sai kun haddace duka ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne sunan kamfani ba ya faɗin inda aka ƙera mota. Dillali zai dafa Camry ya rantse maka 'yar Japan ce tsantsa, ka sunkuya ka ga 4T1, ga harafin U a gurbi na 11, wanda ke nuna masana'antar Toyota da ke jihar Kentaki a Amurka. Motar ba ta da laifi don an ƙera ta a can. Amma ka gane cewa mai maganar ko dai bai san hajarsa ba, ko ya ɗauka kai ba ka sani ba, sai ka auna sauran zancensa da wannan mudun.

Gurbi na 4 zuwa na 8 suna bayyana samfuri, siffar jiki, girman inji da kayan kariya. Kowane kamfani da yadda yake shirya su, ba abin haddacewa ba ne. Gurbi na 11 masana'anta ce, shida na ƙarshe kuma lambar jerin motar ce a layin ƙira.

Gurbi na 10 shi ne inda kuɗi yake, a nan nake so mu daɗe. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, waɗanda su ne suka cika wuraren sayar da motocinmu, wannan gurbi shekarar samfuri yake faɗi. Y ita ce 2000. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne, 1 zuwa 9, babu wahala. Daga 2010 aka koma haruffa: A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017. Sai a tsallake I, J ta zama 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022. A tsallake O, P ta zama 2023. A tsallake Q, R ta zama 2024, S 2025. Harafin U da Z da sifili ba sa zama a wannan gurbi. Jerin yana zagayowa duk bayan shekara 30, wato A tana iya zama 1980 ko 2010, amma ba na jin akwai wanda zai rikita motocin waɗannan shekaru biyu da ido. Ga mai son tabbaci, a ƙananan motocin Amurka gurbi na 7 alƙalami ne kafin 2010, daga 2010 kuma harafi ne.

Dalilin da ya sa na nace shi ne sana'ar sauya wa mota fuska ta yi ƙarfi ƙwarai. Ku ɗauki Camry ɗin nan da ake wa laƙabi da Muscle, wadda ta fito daga samfurin 2007 zuwa 2011. A 2010 kamfanin ya ɗan gyara mata fitilu da hanci da bamba, ya kuma sauya ƙaramin injinta daga mai lita 2.4 zuwa mai lita 2.5. Mai gyaran jiki da ya san aikinsa zai ɗauki 'yar 2007, ya sa mata fitilu da bamba na 2010, a feshe ta, ta fito tana sheƙi, a ɗora mata farashin 'yar 2010. Haka ake yi wa Lexus da Land Cruiser da Highlander, wani lokaci a ɗaga mota shekara biyar ko fiye. Idan mai mota ya yi wa tasa don sha'awa, ba ruwan kowa. Idan aka sayar maka da ita a kan shekarar da ba tata ba, an ci kuɗinka, kuma za ka ci gaba da biya, domin duk ranar da ka aika a sayo maka kayan gyara da shekarar ƙarya, abin da za a kawo ba zai zauna ba. Fitila tana iya yin ƙarya. Gurbi na 10 zai nuna maka 7 a inda aka ce maka A ce.

Wani abu da ke rikita masu koyo: takardar jikin ƙofa tana iya cewa an ƙera mota a watan Satumba na 2007, gurbi na 10 kuma ya ce 8. Wannan ba maguɗi ba ne. Kamfanoni kan fara fitar da samfurin shekara mai zuwa tun kafin wannan ta ƙare. Tazarar 'yan watanni daidai ce, tazarar shekara uku ce abin tambaya.

Gurbi na 9 kuwa mai gadi ne, kuma hikimar da ke cikinsa tana burge ni. Ba ya faɗin komai game da motar, aikinsa ya tona asirin sauran 16. Kowane harafi an ba shi daraja: A 1, B 2, har zuwa H 8, sai J ta sake farawa daga 1 har zuwa N 5, P 7, R 9, sannan S ta fara daga 2 har zuwa Z 9. Kowane gurbi kuma yana da nauyinsa: 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 10 ga takwas na farko, sifili ga na tara, sai 9, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2 ga sauran. A ninka darajar kowane harafi da nauyin gurbinsa, a tara jimla, a raba da 11. Abin da ya saura shi ne ya kamata a gani a gurbi na 9, idan saura 10 ne sai a rubuta X. Ku gwada da lambar da duk gurabenta 1 ne: jimlar nauyin 89, a raba da 11 saura 1, ga shi kuwa 1 ne a gurbi na 9, lissafi ya fita. Wanda ya zauna ya ƙago lamba da ka, ko ya mayar da 3 ta zama 8, galibi a nan yake faɗuwa. Ba lallai ku yi lissafin da hannu ba, hukumar nan ta Amurka, NHTSA, tana da shafin intanet na kyauta da zai yi muku cikin daƙiƙa, ya kuma faɗa muku samfuri da shekara da inji da masana'anta. Amma ɗalibin da ke jin lissafin makaranta ba shi da amfani, ga amfaninsa a jikin motar gidanku.

Kada ilimi kaɗan ya sa ku zargi bayin Allah. Ƙa'idar gurbi na 9 da na 10 wajibi ce a Amurka da Kanada, ba a ko'ina ba. Motocin da muke kira 'yan Beljiyam, waɗanda aka ƙera don Turai, wasu na bin ta wasu ba sa bi. Volkswagen ta Turai za ka ga ZZZ a gurbi na 4 zuwa na 6, cike gurbi ne kawai. Marsandi ta Turai kan sa lambar samfurinta bayan haruffa uku na farko, kamar 203 ko 210, kuma gurbinta na 10 ba shekara ba ne. Toyota da aka ƙera don ƙasashen Larabawa ko Afirka ita ma ba lallai gurbinta na 10 ya faɗi shekara ba. Motar da aka ƙera don amfanin cikin Japan kuwa lambarta ba ta kai 17 ba, haruffan samfuri ne, sai ɗan layi, sai alƙaluma. Irin wannan asalinta sitiyarin dama ne, idan ka same ta da sitiyari a hagu, an juya shi ne a gareji, kuma wannan abu ne da ya kamata a gaya maka kafin ciniki. A irin waɗannan motoci sai a nemi shekara a takardar ƙofa, da ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera, ko a tambayi wakilin kamfanin da lambar.

Da ka kwafi lambar, wayar da ke hannunka ta zama mai bincike. Fara da mafi sauƙi: rubuta ta gaba ɗaya a Google. Motoci da yawa da ke shigo mana daga Amurka a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA aka sayo su, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan a intanet. Za ka ga motar da ke gabanka tana ƙyalli, ga ta can gaba a murƙushe, jakunkunan iska a fashe. Akwai kuma Carfax da AutoCheck, waɗanda ake biya, su ba ka tarihin masu ita, da haɗurran da aka kai rahoto, da abin da mitar tafiya ta nuna a lokuta daban-daban. Idan rahoto ya ce ta yi mil 190,000 shekara biyu da suka wuce, yau kuma mitarta na nuna 80,000, an mayar da hannun agogo baya. Ku tuna kuma motar Amurka da mil take ƙirge, kowane mil kuwa ya haura kilomita ɗaya da rabi. Wata ƙungiyar kamfanonin inshora ta Amurka, NICB, tana da shafin kyauta da ke nuna ko an ba da rahoton sace mota ko an yanke cewa ta lalace.

Ni ban ce kada a sayi motar da ta taɓa haɗari ba. Da yawanmu ita ce daidai aljihunmu, kuma wadda aka buga ta baya aka gyara da kyau tana iya yin shekara goma tana aiki. Abin da na ƙi shi ne a sayar maka da ita da farashin wadda ba ta taɓa ko ƙwarzane ba. Wadda nake ce muku ku guje mata ita ce wadda ruwa ya ci. Guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a 2017, kowacce ta nutsar da motoci dubbai a Amurka, kuma irin wannan ambaliya ba ta daina ba. Motar da ta kwana a ruwa, musamman na gishiri, za a wanke ta ta yi fes, ta tashi lafiya, bayan wata shida wayoyinta su fara ruɓewa daga ciki. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ta mutu a tsakiyar titi, ka gama da masu wayarin ɗin garinku kaf ba a gano ciwon ba.

Akwai wani amfanin da ya shafi rai. Idan kamfani ya gano aibi a motocinsa, da lambar shasi yake kiran su gyara. Mafi girma shi ne na jakunkunan iska na kamfanin Takata, wanda ya shafi motoci miliyoyi, ciki har da Accord da Civic da Corolla na shekarun 2000, irin waɗanda suka cika titunanmu. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da laima, ranar haɗari sai ya tarwatsa gwangwaninsa, ɓaraguzan ƙarfe su doki fuskar direba. Mutane sun mutu ta haka. Zafi kuwa ba sai an ba mu labarinsa ba. Shafin NHTSA zai nuna maka ko motarka na cikin waɗanda aka kira ba a kai ba.

Sai dai duk waɗannan shafuka rayuwar mota a can kawai suka sani. Abin da ya same ta bayan ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can ko Kwatano ko Lome ba ya ciki. Sannan ɓarayi sun iya ɗaukar lambar wata mota mai tsabta, irinta sak, su liƙa wa ta sata, ka bincika ka ga rahoto fari tas. Shi ya sa ido da yatsa ba su da madadi. Dubi ƙusoshin da suka riƙe ƙarfen gilashi, ko an taɓa su. Dubi takardar ƙofa, ko gefenta ya ɗago, ko an fesa fenti a kanta. Shafa wurin da aka buga lamba a jikin ƙarfe: idan ka ji alamar goga, ko walda ta zagaye shi, ko fentin wurin ya fi na kewaye sabunta, ko haruffan ba su tsaya a layi ɗaya ba, tashi ka kama gabanka. Motocin Amurka da yawa suna da ƙananan takardu masu lambar a jikin ƙofofi da bonet da but. Idan na bonet ya bambanta, wataƙila an sauya bonet ne bayan haɗari. Idan duk na gaba sun bambanta da duk na baya, to ka yi zargin mota biyu aka yanka aka haɗa. Yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 kuma suna ajiye lambar a ƙwaƙwalwarsu, bakanike mai na'urar bincike zai jona ya karanto maka. Idan ta saɓa, a tambaya ko an taɓa sauya ƙwaƙwalwar, a kuma ji amsa mai gamsarwa.

Kada ku ɗauka zancen motar sata labarin nesa ne. A 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su Najeriya. Motocin nan ba a daji aka tsinto su ba, da yawansu a wuraren sayar da motoci aka same su. 'Yan sandan duniya, Interpol, suna da rumbun bayanan motocin sata, kuma da lambar shasi ake nema a cikinsa. Ranar da aka zo, ba a tambayar nawa ka biya. Za a ɗauke motar, sannan kai ne za ka yi bayanin yadda aka yi ta zo hannunka.

Haka batun kwastan. Daga farkon 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ba, takardun jabu kuma suka yawaita. A 2022 hukumar kwastan ta fara ƙayyade kuɗin fito da lambar shasi, na'ura ce ke karanta samfuri da shekara ta yanke abin da za a biya. Saboda haka takardar kwastan da lambarta ba ta dace da ta jikin mota ba, takardar wata motar ce, ko da tambarinta ya kai goma. Kafin ka biya, a je ofishin kwastan a tantance ta. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, haka za ku gwada kart giriz da ƙarfen mota. Wanda kuma babur ko Adaidaita Sahu zai saya, kada ya ce wannan zancen masu mota ne. Lambar babur tana wuyan ƙarfen da ke riƙe da kan, MD2 Bajaj ce, MD6 TVS, na Sin kuma da L suke farawa. Babur ya fi mota saurin sacewa, masu sayen na hannu kuma su suka fi kwana a caji ofis.

Na san abin da ke hana ku, domin shi ya hana ni. Kunya ce. Mai motar kawunka ne, ko limamin unguwa ne ya haɗa ku, ko dillalin abokin yayanka ne, sai ka ji idan ka fito da tocila kamar ka kira shi ɓarawo. Ku cire wannan daga ranku. Mota kafin ta iso gare ka ta bi hannu biyar ko shida, daga mai gwanjo zuwa mai jirgi, zuwa mai fito, zuwa dila, zuwa mai rajista, kuma a kowane hannu ana iya yin kuskure ko ha'inci wanda na gabanka bai san da shi ba. Dubawarka kariya ce gare shi kamar yadda take gare ka. Akwai kuma yadda ake faɗa cikin ladabi: "Baba, bari mu gwada lambar nan tare, saboda masu binciken hanya." Mutumin kirki zai ce bismilla, har ya riƙe maka tocila. Wanda ya fusata, ko ya ce ana sauri wani na zuwa da kuɗi yanzu, ko ya ce takardu sai bayan an biya, ya ba ka amsa tun ba ka duba ba. Ba a cinikin biri a sama. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, a tsakanin mutanen da suka fi mu amana. Don haka a rubuta yarjejeniya, a sa lambar shasi cikakkiya da lambar inji, mai sayarwa da shaidu su sa hannu, a kuma yi canjin mallaka a hukumance ba tare da jan ƙafa ba.

Ku kuma 'ya'yana da kuka shiga dillancin mota, ko kuke koyon gyaran jiki da fenti, da ku nake. Sana'arku halal ce, tana kuma rufa asiri. Ranar da wani ya kawo muku mota ya ce a goge lamba, ko a ciro ƙarfen gilashin wannan a manna wa waccan, ku ce a'a ko nawa ya ajiye, domin idan asiri ya tonu shi yana da inda zai gudu, ku kuwa garejinku a nan yake. Idan kun san mota 'yar 2007 ce da fuskar 2010, ku faɗa. Za ku rasa wani abu a cinikin yau, amma wanda kuka gaya wa gaskiya shi zai kawo muku ƙaninsa da abokin aikinsa.

Roƙona gare ku, kada ku jira sai ranar sayen mota. Yau ɗin nan, duk abin hawan da ke gidanku, na mahaifinku ne ko na yayarku ko babur ɗin da kuke kabu-kabu da shi, ku ɗauki tocila ku karanta lambarsa daga ƙarfe, ku gwada da kowace takarda: ta kwastan, ta rajista, ta inshora. Ku ɗauki hotonta a waya, ku kuma rubuta a takarda ku ajiye a gida, ba a cikin motar ba, domin idan aka sace ta lambar gaba da baya ce farkon abin da za a cire. In kun sami gurbi ɗaya da ya saɓa, ku je a gyara kafin tafiya ta gaba, tun ba a sauke muku iyaye a gefen titi ba. Allah ya tsare mana hanya.